Ajimi Mai Wankin Hula da Zazzaɓin Rahmat

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki a unguwar Umarari ya san Ajimi. Mutum ne da bai iya musu ba. Ko hula mai tabon manja aka miƙa masa, iyakarsa ya ce, "Za ta fita."

A shekarar korona tari ya zagaye gidansu, har shi kansa ya daina jin ƙamshin turaren wutar matarsa. Mahaifiyarsa, Iya Gana, ta ce mura ce, korona ciwon mutanen GRA ne masu hawa jirgi. Kowa ya warke, aka manta.

Bayan wasu makonni sai 'yarsa Rahmat, mai shekara shida, ta kwanta da zazzaɓin da maganin maleriya bai taɓa ba. Idanunta suka yi ja, leɓɓanta suka tsage, ƙuraje suka feso mata.

"Ƙyanda ce," in ji Iya Gana. "Ba a kai mai ƙyanda wurin allura, ciki take komawa. A rufe taga, kada ruwa ya taɓa ta."

"Iya, an yi mata rigakafin ƙyanda. Ni na kai ta."

"Kai ka haife ni?"

Ajimi ya koma bakin aikinsa, ya yi ta dirzar hular wani har zarenta ya tsinke. Ranar da ya taɓa hannun yarinyar ya ji shi a kumbure, da sanyi, sai ya jira Iya ta tayar da sallar la'asar, lokacin da ba ta da bakin hana shi, ya saɓi 'yarsa ya tare keke-napep.

A asibiti likita ta tambaya ko an yi tari a gidan. Ya ba ta labarin tarin da yadda ya daina jin ƙamshin turaren. Ta bayyana masa cewa korona ce ta shiga ta fita, amma garkuwar jikin yarinyar ta ci gaba da faɗa ita kaɗai, har kumburi ya kai zuciya.

"Malam, me kuka tsaya jira?"



Rahmat ta rayu, sai dai an hana ta guje-guje tsawon watanni. Da maƙwabta suka zo sannu, Ajimi yana ji Iya Gana tana ce musu, "Ƙyanda ce. Rufe tagar nan ne ya cece ta."

Ya tashi, ya buɗe tagar har ƙarshe, ya sa dutse ya tokare ta, sannan ya koma wurin hulunansa.