Kwanon da Delmas Ya Shafa wa Fenti

Delmas Pridgen ɗan gwaggona ne, kuma tun muna yara ban taɓa ganin abin da ya sa wa hannu ya ƙi shi ba. In muka jefa ƙugiya a kogi, ni in ciro ciyawa, shi ya ciro tarwaɗa. Ba mai kuɗi ba ne, kada ku ce ko dukiya nake masa kyashi. Zuma yake kiwo a bakin fadamar kogin Apalachicola, motarsa wata tsohuwar a-kori-kura ce da sai an tura take tashi, matarsa ta rasu da wuri ta bar masa 'ya ɗaya. A coci ma in ya ɗaga murya yana waƙa sai yara su riƙa toshe baki. Abu ɗaya ya fi ni, amma ya fi ni shi har ya yi yawa, shi ne maciji.

Mu a nan, macijin da muke fita nema shi ne wanda muke kira sarki. Ba shi da dafi, amma 'yan uwansa macizai ne abincinsa, har da mai kacau-kacau a wutsiya. Ba a haƙa rami a neme shi. Tsohon kwanon rufi mutum zai shimfiɗa a gefen daji ya bar shi ya shekara, in sanyi ya wuce rana ta fara ɗumama ƙarfen, sai macijin ya shige ƙasa yana shan ɗumi, kai kuma ka zo da hantsi ka ɗaga. Kowa yana shafa wa nasa alama da fenti. Doka ɗaya ce tsakaninmu, ba a ɗaga kwanon wani. Wanda aka taɓa kamawa ya yi haka, ko gaisuwarsa ba a amsawa a shagon sayar da ƙoto. Alamar Delmas shuɗin zobe ce, kuma ya barbaɗa ta ko'ina a dajin nan kamar kashin awaki, don kada a gane wanne ne na gaske.

Har a bayan gidana akwai ɗaya. Shekarar da babbar guguwa ta yi, ta kwashe rufin rumfar da nake bandar kifi ta jefa shi can gefen fadama. Delmas ya zo jaje, ya tsaya yana kallon kwanon.

"Odell, ka ba ni wancan."

"Ɗauki mana, ka rage mini shara."

Bai ɗauka ba. Zobensa kawai ya zana a kai ya tafi, na bi shi da dariya, don karnuka da kajina kullum a wurin suke wuni.

Ni ma na san sarki, kada a raina ni. Wanda ya fi yawa a wajenmu baƙi ne wuluk, da siririn farin zane da ya sarƙe jikinsa kamar sarƙa. Na can kudancin jiharmu ya fi haske, zanensa a matse, da yawa. Wanda masu motoci suke kawowa daga yamma kuwa ɗige-ɗige ne, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Amma akwai wani iri da sai tsakanin kogin nan namu da wani kogin da ke kusa da shi ake samunsa, fari-fari, zanensa faffaɗa, wani ma babu zanen gaba ɗaya. Tsofaffi suna ba da labarinsa, ni ban taɓa kama ko saɓarsa ba.

Wata safiya a watan Maris sai ga Delmas da buhu a hannu. Ya zazzage a kan teburin barandata, kusa da farantin faten masarar da nake ci. Macijiya ce, doguwa, launin madarar da aka ɗiga wa zuma, babu ko layi ɗaya daga kai har wutsiya. Na ajiye cokalina.

"Ƙila ta kudu ce ta tsufa ta koɗe," na ce.

"Juya cikinta, ɗan kawu. Dubi ɓawon, kowanne fari a tsakiya, bakinsa kaɗai ke da duhu. Ina zanen da za ka ƙirga?"

Na juya ta, na ƙara juyawa, ina neman aibi. Babu.

"A ina ka same ta?"

"Ƙarƙashin kwano."

"Wane kwanon?"

"Mai shuɗin zobe," ya ce, ya jawo farantina ya cinye sauran.

Opal ya sa mata suna. Sarkin da aka kamo daga daji ba ya son ɓera, ya saba da ƙadangare da macijin ruwa, kuma da yawa a kan wannan taurin kan suke mutuwa a akwati. Na zauna ina jira ta ƙi ci. Ta ƙi kuwa, na ji sanyi a raina. Sai mutumin nan ya samo saɓar macijin ruwa ya naɗe ɓera da ita ya ajiye mata, ta haɗiye. A hankali ya riƙa rage saɓar har ta koma cin ɓera tsura. Da Oktoba ta kama, Opal ta sake juya wa abinci baya. Na je na same shi yana tace zuma yana fito.

"Macijiyarka za ta mutu, kai kana nan kana busa."

"Azumi take. Ta ji sanyi na tafe tun kafin kai ka ji."

"A cikin ɗaki? Ina ta ga sanyin?"

"Ranar da ke gajarta take gani. Haihuwar daji ce, Odell, akwati bai canza mata lissafi ba."

Ya bari cikinta ya zama wayam, ya kai akwatin ɗakin ajiyar da ba a hura wuta, ya aje mata ruwa kawai ya rufe ƙofa. Ni kuwa ina da baƙaƙena masu sarƙa, na ce ba zan bar dabba da yunwa ba, ina da imani. Na yi ta tura musu ɓera da tsinke. Ashe in jikinsu ya yi sanyi abincin ba ya narkewa, ruɓewa yake a ciki. Kafin bazara na binne biyu. Opal ta fito a watan Maris tana sheƙi, ta cinye ɓeraye a jere kamar mai ramuwa. Da namijin macijina ya daina ci a wannan bazarar na tayar da hankali, Delmas ya leƙa akwatin ya ce, "Ƙanshin mace ya ji. Kai da kake neman auren Verlie ba haka ka rame ba?" Verlie matata ce, tana tsaye a wurin, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. To ni na zuba wa Delmas taki na shekara da shekaru. Opal ta yi ƙwai, ta sake yi, mutane suna tahowa daga jihohin Georgia da Alabama don su gan ta. 'Ya'yan ya sha miƙo mini, na ƙi karɓa. Me zan yi da na ƙyanƙyasa? So nake in ɗaga kwano da hannuna in ga irin wannan hasken a kwance a ƙasa. Duk bazara sai na bi motarsa a baya daga nesa. Ya san ina binsa. Ya ja ni cikin dajin gwamnati har inda hanya ta ƙare, ya fito ya zauna a kan kututture ya ci burodinsa da gyaɗa, ya ɗaga mini hannu ya juya. Kwanona na kwashe na kai can ƙuryar dajin, na shimfiɗa ko'ina na ga sawun tayarsa. Ɓeraye da kunamu na tara.

Haka muka tsufa. Bara waccan ciwon zuciya ya kwantar da shi, 'yarsa ta ce da zarar ya ji sauƙi za ta ɗauke shi zuwa birnin Tallahassee, kuma ba za a shiga mata gida da maciji ba. Hankalina ya tashi, ba don tafiyar kaɗai ba. In ya tafi da sirrin nan a cikinsa, shi ke nan, na mutu ban sani ba. Maris ya zo, aka fito da Opal daga ɗakin sanyi, a karon farko ta ƙi ci. Ya naɗe mata ɓera da saɓa kamar da, ta kawar da kai.

"Ta gaji da ni," ya ce. "Gida take so. Zo ka tuƙa ni."

Na cika tanki da mai, na sa takalman fadama, Verlie ta haɗa mana guzuri tana wani murmushi da ban gane ba. Na ɗauko shi daga gidansa, buhu a cinyarsa. Mun zo daidai ƙofar gidana ya ce in tsaya.

"Mantuwa ka yi?"

"An iso."

Ya dafa kafaɗata muka zagaya bayan gida, muka wuce akurkin kaji, har gefen fadama. Ya nuna kwanon rumfata da sandarsa. Na dube shi, na dubi kwanon. Na shekara ashirin da wani abu ina wuce wurin nan safe da yamma, har shanya raga na sha yi a kansa.

"Ƙarya kake, Delmas."

"Tambayi matarka, ita ta riƙe mini buhun ranar da na kama Opal a nan. Kai kuwa ka yi ta yawo a daji kana neman sawuna."

Na waiga, ga Verlie a baranda ta harɗe hannu. "Da na faɗa maka, da ka cika mini gida da su," ta ce da ƙarfi. "Waɗanda kake da su ma sun ishe ni."

Rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami. Delmas ya durƙusa da ƙyar, ya kwance bakin buhun. Opal ta fito tana lasar iska, ba ta ko waiwaye shi ba, ta sulale ƙarƙashin kwanon. Na ga ya goge ido da bayan hannu. Na kai hannu zan kama gefen ƙarfen, ya buge ni da sanda.

"Alamar wa ka gani a kai?"

"Rufin rumfata ne, mutumin banza!"

"Ka ba ni, da bakinka. Ranar da fentin ya goge, ya zama naka."

Bai kai kaka ba ya rasu a gidan 'yarsa. Sai da muke kwashe kayansa na ga gwangwanin fentin, ashe irin na shafa wa jirgin ruwa ne, wanda ko gishirin teku ba ya ci. Ko a nan sai da ya yi mini wayo.

Bana da rana ta fara ɗumi na ɗauki kujera na je na zauna a wurin da hantsi. Can sai ga wani ɗan ƙaramin sarki, bai fi tsawon hannuna ba, fari-fari, ya ratsa ciyawa ya shige ƙasan kwanon. Babu kowa a wurin, Verlie ta tafi kasuwa. Na tashi na sa yatsuna a ƙarƙashin ƙarfen, na ji ɗuminsa. Zoben nan yana kallona, shuɗi shar kamar jiya aka shafa. Na daɗe a sunkuye, sannan na zare hannuna na koma kan kujera.