Shekarar da Iska Ta Ci Kujerar Malam Habu

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni ne mutumin nan da ya ba da akuya mai ciki, lafiyayya, ya karɓi Baturen da bai taɓa gani ba, Baturen ma bai san an saye shi ba. Akuyar kuma ba tawa ba ce, ta mai ɗakina ce. Waɗanda suka zauna unguwar Limawa, nan Dutse, a zamanin sun san maganar, don har yau in na wuce a kan keke akwai mai yi mini kukan akuya ta bayan katanga. Ni ne Audu mai gyaran keke. Aji biyu na yi a firamare na gudu, rubutun nan ma da ƙyar nake jan sa kamar keke mai faci, sai ku yi haƙuri da ni.

Marigayi Malam Habu Kuku ne ya jefa ni a ciki. Kun san shi: kullum bayan la'asar yana gindin darbejiyar ƙofar gidansa, tabarau ɗaure da zare, ya danne tulin jaridun Amurka da cinya. Ya yi wa wani Ba'amurke kuku lokacin da ake haƙa rijiyoyin burtsatse a wajen Aujara. Da mutumin zai koma ƙasarsu bai bar wa Malam agogo ko rediyo ba. Wasa ya bar masa, da alƙawarin zai riƙa aiko masa da jaridu ta gidan waya, kuma ya cika.

Sunan wasan besbol. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya zura a guje. Mu ba bugawa muke yi ba, babu ma wanda ya taɓa ganin ana yi. Namu shi ne kowa ya zaɓi 'yan wasan can a ce nasa ne. In naka ya yi abin kirki a Amurka, Malam ya karanto a jarida, ya jefa maka 'ya'yan tsamiya a gwangwaninka. In ya yi ɓarna a kwashe. Ƙarshen kakar wasa, wanda gwangwaninsa ya fi nauyi shi ne zai zauna a kujerar Malam mai jingina har shekara ta zagayo, sauran kuwa tabarma. Jaridun sai sun yi wata huɗu a hanya, saboda haka lokacin da muke tafa wa mutum shi ya riga ya karye, ya warke, wataƙila har ya sake aure. Sunayensu ba sa faɗuwa a bakinmu, sai Malam ya raɗa musu nasa: Dogon Hagu, Mai Tumbi, Na-Gudu.

Rigimar ba ta tashi sai an tafi hutu, lokacin da ƙungiyoyin can ke cinikin 'yan wasa, a ɗauke wannan daga garinsu a kai shi wani gari. A nan darajar mutum ke hawa ko ta faɗi tun bai taɓa kulki ba. Wani a kai shi fili mai faɗi, bugunsa ya daina fita. Wani ya tarar akwai mai tsayawa a gurbinsa. Wani kuma ya faɗa cikin gwanaye ya yi ƙiba a inuwarsu. Duk wannan Malam yana karanta mana, amma shi dokarsa ɗaya ce: duk ɗan wasansa da aka sauya wa gari, ya sallame shi a ranar. Zai yaga takardar sunan, ya ce, "Allah ya haɗa kowa da rabonsa," ya karkaɗe hannu.

"Tsohuwar kuka ba ta dasuwa," in ji shi.

Mun san ba don Turawa kaɗai yake faɗa ba. Yana da ɗa a Kano, Kabiru, wanda kowace Sallah sai ya zo da mota da magana ɗaya, wai Baba ya tattara ya koma wurinsa. Abin da Malam ke tsoro ke nan a duniya. Ba ya tsoron maciji, ba ya tsoron mai karɓar haraji, amma ranar da motar Kabiru ta shigo layi, sai ya tuna akwai ta'aziyya a Takur.

A majalisar akwai Alhaji Sule, akawu, cikin waɗanda aka kwaso daga Kano da aka ƙirƙiro jiha. Shi ne mai yi wa Malam musu.

"Malam, sauyin gari ba ya rage mutum. Gwani gwani ne ko'ina."

"Alhaji, ai kai ne hujjata. A Kano an ce makullin ofis a aljihunka yake kwana. A nan tebur ma ba ka da shi, a gindin mangwaro kake sa hannu, fayil a kan gwiwa."

"Ana ginin ofishin."

"To in an gama ka dawo mu sake yi maka kuɗi."

Wannan Alhajin ne ya ci akuyar. Yana da Dogon Hagu, wanda babu kamarsa wajen jifa. Sai jarida ta zo cewa an sayar da shi ga wata ƙungiya a wani gari da ke kan tsauni. Malam ya karanta mana cewa iskar garin ba ta da kauri, ƙwallo tafiya take yi kamar an aike ta. Kowa ya gane abin da ake nufi, wato duk wanda ya make ta sai ta tsallake katanga. Ni kaɗai na fahimta a baibai. Na ce a raina, mai jifa ne fa, ga kuma gari inda ƙwallo ke gudu, ai kakarsa ta yanke saƙa. Kuma mu mutanen Dutse mun san abin da hawan dutse ke yi wa ƙwauri.

Na ja Alhaji gefe. "Alhaji, ka sayar mini da Dogon Hagu."

Ya yi fuskar wanda aka nemi 'yarsa. "Me za ka bayar?"

"Na-Gudu."

"Na-Gudu ya tsufa. Ƙara wani abu mai numfashi."

Daidai nan akuyar ta fito daga zaurenmu tana tauna. Mai ɗakina kuwa ta tafi biki Aujara. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba ranar.

Malam ya dube ni ta saman tabarau. "Audu, ka ji abin da na karanta kuwa?"

"Na ji, Malam."

"Ji daban, shiga daban. Allah ya sa albarka."

Da mai ɗakina ta dawo na yi mata bayani dalla-dalla, har da iskar. Ta saurara har ƙarshe, ta ɗauko kwaryar dusa ta dire a gabana. "To ina Baturen? Tunda an saye shi, ya zo ya ci, kada ta lalace."

Dogon Hagu kuwa ya je kan tsauni aka yi ta dukansa kamar jakin Kano. Duk jaridar da ta zo sai an kwashe mini tsamiya. Kafin kaka gwangwanina ya zama wayam, har ƙadangare ya tare a ciki.

Amma wawa ma yana da ranarsa. Da shekara ta zagayo sai aka sayar da Mai Tumbi, mai bugun Malam na kansa, aka kai shi wannan garin na kan tsauni. Malam ya yaga takarda ya yi addu'arsa. Ni kuwa yanzu akuya ta koya mini karatu, na san iskar nan maƙiyiyar mai jifa ce, masoyiyar mai kulki. Na tsince takardar na liƙe da ruwan faci.

Mai Tumbi ya haukace. Ko atishawa ya yi da kulki a hannu sai ƙwallo ta bar fili. Gwangwanina ya cika, na aro kwano, shi ma ya cika. Daga nan na zama mai kwashe duk wanda aka sauya wa gari, wasu su yi, wasu su ƙi. Ranar da aka auna, babu wanda ya kama ƙafata. Na zo da rigar Sallah, na fesa turare, na juya zan zauna.

"Dakata," in ji Malam. "Wa ya ci?"

"Ni, Malam. Ni da Mai Tumbi."

"Shekara nawa yana hannuna?"

"Biyar."

"Ya taɓa yin haka?"

"A'a."

"Tumbin ya ragu?"

"A hoto dai ya ƙaru."

"To me ya samu a can wanda ba shi da shi a da?"

Ni da bakina na ce, "Iska."

"Madalla. Iska ce ta ci. A ba ta kujerarta."

Shekara guda cur kujerar nan tana zaune babu kowa a kai, mu shida muna tabarma, har da mai ita. In ganye ya faɗo a kai Alhaji Sule ya ce, "Ranki ya daɗe, an fito?" Wata rana kaza ta hau ta yi ƙwai, na ce a kore ta, Malam ya ce baƙuwar mai kujera ce, babu ruwanmu.

Da shari'ar Musulunci ta zo jihar, wani ya kai ƙara wai ana caca a ƙofar gidan Malam Habu. Dattawan unguwa suka turo Ustaz Nasiru, ɗan gidan malamai, mutum mai natsuwa. Ya yi sallama ya zauna, ya leƙa gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, me ake zubawa?"

"Tsamiya."

"Me ake ci?"

"Kujera, in iska ta bari."

Ustaz ya ce shi dai bai ga caca ba, ɓata lokaci ya gani, kuma wannan ba a nan aka fara ba. Ya tambaya ko an taɓa sa dukiya. Na ga dama ta samu, na ba shi labarin akuya, har da cikin da take da shi.

Ya ce wannan ciniki ɓatacce ne, daidai yake da sayar da tsuntsu yana sama. Kowa ya mayar wa ɗan'uwansa abinsa.

Alhaji Sule ya ce, "Allah gafarta malam, akuyar an yanka ta a sunan ɗana tun tuni. Audu ma ya ci, har ya nemi ƙari."

"To shi ɗan wasan fa?"

Malam ya lalubo wata jarida. "Ya bar wasa. Yana dillancin motoci."

Aka rasa yadda za a yi. Ustaz ya kafa mana sharaɗi biyu: in an kira salla a rufe jarida, kuma kada a sake sa mai rai a ciniki. Ya miƙe zai tafi, Malam ya ci gaba da karanta cinikin hutu, wai an kai wani matashi wata ƙungiya. Ustaz ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Baba, ba can ne kuka ce akwai wani gwani a gurbin ba? Ai zaman benci zai yi."

Mako na zagayowa ya zo da gwangwaninsa.

Haka muka yi ta yi har idon Malam ya fara dushewa. Da farko yana kai jarida har hanci, daga baya ya miƙa wa Alhaji Sule karatun, shi yana gyara masa daga ka. Sannan ƙafa ta kumbura. Kabiru ya zo, wannan karon Malam bai iya tafiya ta'aziyya ba. Kabirun ya same ni a rumfata ina ɗaure sarƙa.

"Baba Audu, ku yake jin maganarku. Likita yana can, ni ina can. In ya faɗi a nan wa zai ɗaga shi?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na wanke hannu na je na zauna kusa da Malam, na ɗauko masa zancen ta inda na san zai saurara.

"Malam, Mai Tumbi fa da aka sauya masa gari ai gaba ya yi."

"Shi iska ya tarar. Ni me zan tarar a Kano? Hayaƙin acaɓa."

"Wata ɗaya ne kawai, a duba idon ku dawo."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Shekaru yana karanta mana yadda ake cewa an ba da aron ɗan wasa, kuma bai taɓa karanta mana ranar da aka dawo da shi ba. Bai ce mini ƙarya nake yi ba. Cewa ya yi, "To, Audu."

Bai dawo ba. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abinsa a can, aka binne shi a garin da ya ƙi shekara da shekaru. Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa, ya sa inda aka kai shi yanzu ya fi inda ya baro. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata namu sauyin.

Ni na riƙe shi zuwa mota da hantsin ranar da za su tafi. Bai fi buhun dusa nauyi ba. Da na zaunar da shi na gyara masa ƙafa, sai ya kama hannun rigata, ya jawo ni kusa yadda Kabiru ba zai ji ba. Direba ya tayar da mota. Abin da Malam ya ce shi ne:

"Audu, kai ne mai kwashe waɗanda aka sauya wa gari. To ga ni. Za ka ɗauka, ko yanzu ka yi hankali?"