Ɗorawar Kurciya

Mu a gidanmu na unguwar Iku, wutar tatsuniya ita ce wutar kalwa. Kakata Iya Delu daddawa take yi, kuma kalwa ba ta dahuwa da wuri, sai ta tara mu bayan magariba muna tura mata itace, ita kuma tana biyanmu da baki. Lokacin ana kiran garinmu Abuja, ba a kai ga ɗauke mana sunan ba. Kalwar daga gonarta ta wajen Garam ake kawowa, inda take da itatuwan ɗorawa da ta gada.

"Ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ba ruwana," haka take farawa.

Wadda muka fi so ita ce ta kurciya. Dabbobi sun yi alkawari tun kaka da kakanni cewa ba a tayar da kowa daga mazauninsa sai an ji ta bakinsa, kuma alkawarin ya hau kan kowa har zaki. Ran nan zaki ya ga ɗorawar da kurciya ke sheƙa, ya ce nan zai yi fada. Kurciya ta kai ƙara gun kunkuru, alƙalin daji. Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, alkawari ya girme ka." Zaki ya sunkuyar da kai ya tafi. Nan muke ihu muna tafi.

Sai shekarar da masu awon ƙasa na gwamnati suka zo suka kafa turakun siminti a gonar, aka ce an karɓe ta. Iya ta ɗaura wa kowace ɗorawa tsumma, yadda ake yi don a san tana da mai ita, ta ɗauka ko baƙo ya san wannan. Babana ya yi ta zirga-zirga kotu, a ƙarshe aka ce masa dokar soja ta hana a saurari irin wannan ƙara.

A daren da ya dawo, Iya ta ba mu tatsuniyar kamar kullum, har kunkuru ya yi hukunci. Muka ɗaga hannu za mu yi tafi, sai ta ci gaba. Zaki ya ce, "Na ji. Daga yau alkawari shi ne abin da na faɗa." Aka sare ɗorawar.

Ƙanwata Ladi ta ce, "Iya, to wa ya ci?"

"Kurciya ce da gaskiya," in ji ta. "Ku tashi ku kwanta."

Na yi fushi da ita ƙwarai. Na ɗauka tsufa ne ya sa ta ɓata mana labari.

Bayan shekaru, a ajin dokar tsarin mulki a jami'a, malaminmu ya kawo wata babbar shari'a ta zamanin soja. Alƙalan kotun ƙoli sun ce gwamnati ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum yadda ta yi. Ba a jima ba aka fito da doka ta shafe hukuncin. Ɗalibai suna ta yaba jaruntar alƙalai, ni kuwa kurciya na tuna, don na riga na ji ƙarshen a bakin murhu.

Iya ta rasu tana sayen kalwa mudu-mudu a kasuwar Suleja, sabon sunan garinmu. Yanzu ni nake koyar da wannan shari'ar, kuma kowace shekara sai an sami ɗalibin da zai tambaye ni wa ya ci. Na karanta littattafai masu yawa, amma har yau amsar Iya nake ba su.