Randar Gasa Nama da Hannun Babana

A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce da 'ya'yana, malama a wata makarantar 'yan mata a nan Makka, kuma mace mai ji da kanta a wajen girki fiye da kima. Haifaffiyar unguwar Misfala ce ni. Kakana ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano ya zauna bai koma ba, shi ya sa Hausarmu ta gida ta cakuɗe da Larabci, sai masu karatu su yi mini uzuri in sun ga ta karkace. Na rubuto muku ne saboda abin ya daɗe yana cina a rai, kuma na san ba ni kaɗai ba ce mai tsoho a gida.

Mahaifina mai gasa nama ne tun yana saurayi. Naman nan da ake yanka shi falle-falle a barbaɗe da yaji da ƙuli-ƙuli, wanda mutanen nan suke kira sairiya, shi ya ciyar da mu da shi. Wani ɗan shago yake da shi a lungu, inda alhazai suke wucewa a ƙafa za su Harami. Ina yarinya babu abin da nake so kamar in tsaya gefensa ina kallon yadda yake juya nama yana fifita garwashi. Amma da zarar na miƙa hannu zan ɗauki mafici sai ya kore ni, ya ce in koma gida wajen uwata. Yayyena maza kuwa, da su ba sa ma son aikin, su yake tsarewa a bakin wutar suna ƙunƙuni. Na sa wa raina cewa don ni mace ce yake yi mini haka, na ƙulle abin a ciki na girma da shi. Daga baya aka rushe layin aka yi manyan gine-gine, shago ya tafi, Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa, sai Baba ya dawo wajena da zama a unguwar Rusaifa.

A gidan wata abokiyar aikina na fara ganin wata irin tukunyar gasa nama. Masu sayarwa kamado suke ce mata. Ƙatuwar aba ce ta gasasshen yumɓu mai kauri, tsaye kamar ƙwai, da murfi mai nauyi. Tana da 'yar ƙofar iska a ƙasa da wata a saman murfin, kuma da su ake sarrafa wutar, in an buɗe ta yi ƙarfi, in an rage ta kwanta. Sai ki zuba gawayi, ki jefa ɗan itace don hayaƙi, ki ɗora cinyar rago da safe ki rufe ki tafi harkarki, kafin la'asar naman yana saluɓewa daga ƙashi da kansa. Na ɗanɗana loma ɗaya na dawo gida na hana mijina sakat. Ya yi ta tsokanata wai mata suna neman zinare ni ina neman murhu, amma daga ƙarshe ya saya. Ranar da aka kawo ta, ƙarti ne suka hau da ita saman bene suna nishi suna tambayar ko dutse muka sayo. Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, ya ce wannan ai randa ce aka yi wa hula. Tun daga ranar sunanta ya zama randa a gidanmu.

Randar nan tana da dokokinta, kuma na haddace su tsaf. Ba a kunna ta da kananzir, domin yumɓun yana shanye warin ya bi nama har abada. Ba a buɗe murfin farat ɗaya in tana da zafi, sai an ɗan ɗaga shi iska ta shiga a hankali, in ba haka ba wutar da ke kwance ta yi tsalle ta lashi fuskar mutum. Babbar dokar kuma ita ce ba a kashe ta da ruwa. In an gama sai a toshe ƙofofin iskar duka biyu, wutar ta mutu da kanta, gawayin da ya saura a yi amfani da shi wani jiƙon. Na koya wa mijina, na koya wa ƙanwarsa, har maƙwabciyata da ba ta da niyyar saya na tsare na yi wa darasi. Mutum ɗaya ne ban taɓa zaunar da shi na yi wa bayani ba, shi ne wanda ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta.

Ba don bai nema ba. Duk ranar da zan yi gashi sai ya lallaɓa ya hau matakala yana dafa bango, ya ja kujera ya zauna da carbinsa. Ya tambaye ni yaya ake sanin nama ya yi alhali ba a ganinsa, ya tambayi wannan agogon auna zafi da ke jikin murfin me yake faɗa, ya ce ko in bari ya haɗa mini yajinsa. Ni kuwa amsata ɗaya ce, in ce Baba ya huta, shi ya yi zamaninsa, wannan wutar ba irin tasa ba ce. Ina faɗa cikin dariya, amma Allah ya sani ina jin daɗin faɗar har cikin raina. Wata rana ya hau da tsohon maficinsa na kaba wanda ya ajiye tun na shago, gefensa duk ya ƙone. Na kwashe da dariya na ce ai randa ba ta son fifita. Ya yi murmushi ya soke shi a hammata, ya zauna yana kallon hayaƙi.

Ranar da abin ya faru baƙi muka yi. Dangin Baba ne suka zo Umara daga Kano suka sauka a Misfala, muka gayyace su cin abinci. Cikinsu akwai wani dattijo sa'ansa, wanda ya sha cin sairiya a shagon Baba a zuwansa na baya. Na zage na gasa kafaɗar rago tun safe, na sauke bayan la'asar, na toshe ƙofofin iska, na sauko wajen mata, maza suka hau sama suka baje. Ina kan matakala zan miƙa musu shayi na ji dattijon nan yana santi, yana cewa lallai 'ya ta gaji ubanta, wannan hannun gidansu ne. Na ji muryar Baba cike da farin ciki yana amsa masa da cewa haka ne, alhamdu lillahi. Da na yi shiru da ba a yi komai ba. Amma sai na ɗaga murya daga inda nake na ce ai wannan gashin daban ne, Baba ko taɓa randar bai taɓa yi ba. Aka yi 'yar dariya, wadda ta Baba ba ta ciki.

Da aka kira magariba maza suka sauko za su masallaci, Baba ya tsaya a baya. Abin da na manta, ko in ce ban damu in tuna ba, shi ne duk tsawon shekarunsa a shago bai taɓa tafiya salla ya bar wuta da rai ba. Ana kiran salla zai kwara wa garwashi ruwa, ya tabbatar ya mutu, sannan ya ja ƙofa. Ya dafa jikin randa ya ji ta da zafi rau, sai ya ɗage murfin gaba ɗaya don ya duba. Wutar ta yi tsalle ta taso masa. Shi kuma ya yi abin da hannunsa ya saba, ya sunkuci bokitin ruwan da aka wanke hannu ya juye a ciki. Daga ƙasa muka ji ƙarar, wani irin ƙas mai nauyi, na watsar da abin da ke hannuna na hau da gudu.

Nan ne wurin da ba na son tunawa. Na tarar da tururi da toka sun cika wurin, Baba yana tsaye a gefe, na wuce shi na nufi randa. Ta tsage tun daga baki har gindi. Na juyo na rufe shi da faɗa, da Larabci ma, don mu 'ya'yan nan in ranmu ya ɓaci Hausa guduwa take yi. Na ce sau nawa zan faɗa kada a taɓa mini, me ya kai shi, me ya sani a kanta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wuta ya gani, in yi haƙuri, ya kira ni da 'yata. Hannunsa na dama yana bayansa, ban ko lura ba. Ya sauka a hankali ya tafi masallaci, ni kuma na durƙusa ina shafa tsagar kamar ita ce mai jin ciwo.

Daga ranar Baba ya daina hawa sama. Ya koma cin abinci a ɗakinsa ƙofa a rufe, in mun haɗu ya amsa gaisuwa ya wuce, hannunsa cikin riga. Ni kuma ina nan ina kumbure-kumbure, ina jiran a ba ni haƙuri karo na biyu. Bayan 'yan kwanaki ya ce yana so ya je ya ɗan kwana biyu wajen yayana a unguwar Kudai, na ce to, Allah ya kiyaye. Da safen da za a zo ɗaukarsa na shiga kai masa shayi ban yi sallama da ƙarfi ba. Na same shi yana fama da maɓallin rigarsa da hannun hagu, na daman naɗe da bandeji tun daga yatsu har wuyan hannu. Jakarsa kuma ba ta mai kwana biyu ba ce, komai nasa ya haɗa, har bargon mahaifiyata da maficin nan a sama. Ashe tururin ya dafa masa hannu, mijina ne yake kai shi asibiti ana wanke masa, Baba ya haɗa shi da Allah kada ya gaya mini, wai kada a ƙara mini ɓacin rai a kan na randa.

Na ajiye shayin na zube a gabansa ina kuka ina roƙon gafara. Ya ce shi ba fushi yake yi ba, gani ya yi tsohon da ya fara fasa wa 'yarsa kaya a gidan mijinta gara ya rage mata nauyi. Cikin kukan ne bakina ya suɓuce na faɗi abin da na ɓoye tun ina yarinya, na ce shi ma ai korata yake yi daga bakin wutarsa. Ya kalle ni ya girgiza kai ya yi wata 'yar dariya. Ya ce hayaƙi ne ya cinye masa idanu, kuma duk wankin da uwata take yi rigunansa ba su taɓa rabuwa da ƙauri ba. A cikin 'ya'yansa ni ce mai kan karatu, shi ya sa bai so wutar ta kama ni kamar yadda ta kama shi. Ya ce amma duk sanda ya waiga ya gan ni tsaye ina kallo, daɗi yake ji, don ya san mutum ɗaya a gidan yana ganin aikinsa da daraja. Wannan duk ban sani ba, na yi shekaru ina rama abin da ba a yi mini ba.

Duk da haka ya tafi, domin yayana ya riga ya iso da mota, kuma Baba ba ya maganar da zai janye a gaban mutane. Kwanakin nan gidan ya yi mini faɗi. Na gwada kunna randa ko zan rage kewa, sai na ga ta sauya hali. Iska tana shiga ta tsagar, ko na toshe ƙofofin wutar ba ta kwanciya, nama ya ƙone ta waje cikinsa ɗanye. Mijina ya ce a sayo sabuwa a huta, na ce ya dakata. Na kira Baba a waya na gaya masa gaskiya, na ce randa ta daina jin maganata, wutarta ta zama irin tasa, ni kuma ban iya ba, ko zai zo ya duba mini. Sai ya tambaya ko akwai ƙuli-ƙuli a gidan.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya dawo da jakarsa. Muka wangale murfin muka bar shi a buɗe, ya sa aka yanka naman yadda yake so, ya haɗa yajin yana gaya mini abin da ake fara zubawa. Da garwashi ya yi ja ya ɗaga mafici zai fifita, hannun ya hana shi. Sai ya miƙo mini, ya ce in yi daga ƙasa-ƙasa, kada in tayar da toka. Ina fifitawa hawaye yana zuba, ya ce hayaƙi ne, haka yake yi wa kowa a farko. Yanzu haka muke yi duk mako. In an kira magariba sai in kwashe garwashin da cebur in zuba a daron ƙarfe, shi kuma ya kwara masa ruwa da hannunsa, ya tabbatar ya mutu, sannan ya tafi masallaci hankalinsa kwance.

Abin da na koya shi ne tsoho ba hutu kawai yake nema a gidan ɗansa ba, yana so a riƙa tambayarsa, a nuna masa sabon abu, a bar shi ya sa hannu ko da zai ɓata. Da na ɗauki lokacin da na ɓata a kan maƙwabciya na bayyana masa dokokin nan uku, da randa ba ta fashe ba, da hannunsa bai ƙone ba. Ina kira ga 'yan'uwana masu iyaye a gida, duk abin da kuka sayo kuke ji da shi, ku koya musu kafin ku hana su. In kuma tsautsayi ya sa wani abu ya fashe a hannunsu, don Allah ku fara duba hannun. Baba ya yafe mini tuntuni, har tsokanata yake yi da maganar. Amma tabon yana nan fari a bayan hannunsa, kuma da wannan hannun yake miƙo mini yankan farko duk ranar da muka yi gashi.