Tayi Sau Ɗaya a Filin Jirgi

Karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu na firamare a Babura, ranar da mahaifina ya lura jakinmu ya fi hedimasta bukatata. Amma a cikin tsofaffin da muke zama da su a gindin darbejiya, ni ne farfesa. In an kawo kwalin magani, ni ake miƙa wa. In karanta abin da na iya, sauran in cike da hankali, kuma har yau ban kashe kowa ba.

Wannan suna da na yi shi ya ja mini shiga jirgin sama. Ina da aboki, Bafulatani ne na Roni. Tun muna samari muke haɗuwa a kara, kasuwar shanu, shi yana kawo shanu, ni ina dillanci. Ni kuwa Babarbare ne, kakana daga gabas ya zo, saboda haka babu gaisuwar arziki tsakaninmu. In ya hango ni sai ya ce, “Bawana, an tashi?” Ni kuma in ce, “Gyara bakinka, ɗan nono, da ubangidanka kake magana.”

Ɗansa da ke aiki a Legas aka yi wa haihuwa, ya aiko da tikitin mutum biyu. Ya ce tsohon yana da ciwon suga, ba ya kuma karatu, a haɗa shi da mai ilimi. Aka duba ƙasar Kazaure kaf, ba a samu wanda ya fi ni ba, ko kuma wanda ya fi ni rashin aikin yi.

Ranar tafiya unguwarsu gaba ɗaya ta rako shi tasha. Ya bi kowa yana neman gafara kamar mai tafiya Makka, har da wanda suka yi rigimar iyakar gona. Mata suka yi ta ba shi sautu. Liman ya yi addu'a doguwa, har direba ya kashe mota.

Da hantsi muna filin jirgi a Kano, mun zauna mun miƙe wuya. Can sai wata murya ta yi Turanci ta hanci a lasifika. Abokina ya zungure ni.

“Me ta ce?”

Kalma ɗaya na kama, ita ce “sori”, amma ba a san ni da kasawa ba. Na ce, “Ta ce jirgin bai gama karin kumallo ba.”

Wata Hajiya 'yar kasuwa da ke kusa da mu ta kwashe da dariya, ta ce an ɗaga tashin ne zuwa azahar. Ita ta saba, duk wata tana hanya. Ita ta karantar da mu cewa akwai doka a kan masu jirgi: in sun zaunar da kai ya yi tsawo, dole su ba ka abin sha da abin ci. In sun soke tafiyar, su nema maka wani jirgin ko su mayar maka da kuɗinka, in kwana ya kama kuma masauki da motar kai ka suna wuyansu. Wani lokacin ma har da diyya a kai.

Na riƙe baki. Ni da na tsufa ina jiran mota a tasha, inda kwandasta zai yi ta ihun “saura mutum ɗaya” tun safe har la'asar, ba wanda ya taɓa ba ni ko ruwan randa. Da wannan doka ta hau kan direbobin hanyar Gwiwa, da yanzu ina da gidan sama.

Hajiya ta ce, “Ba alfarma ba ce, Baba, haƙƙinku ne.”

Abokina ya gyara rawani ya ce, “In haƙƙina ne, na yafe musu duniya da lahira.”

Azahar ta yi, babu jirgi babu dalilinsa. Sai ga wata yarinya ma'aikaciyar kamfanin tana turo keke cike da robobin shinkafa da kaza. Ta miƙo mini, na karɓa da hannu biyu tun kafin ta gama sallama. Ta juya wajen abokina.

“Baba, ga abinci.”

Ya kawar da kai, ya dubi rufin ɗaki. “Alhamdu lillahi, 'yata, a ƙoshe nake.”

Ta ce, “To, Baba,” ta tura kekenta ta yi gaba.

Ban taɓa ganin fuska ta faɗi irin haka ba. A wajenmu, kowa ya sani, “na ƙoshi” buɗe ciniki ne. Mai gida zai ce haba, ka ce wallahi, ya ce ko loma ɗaya, ka ce yanzu na tashi daga kan kwano, ya ajiye maka ya fita ya ja ƙofa. Wannan ga Bahaushe ke nan. Bafulatani kuwa sai an ninka masa. Yarinyar nan ta yi tayi sau ɗaya kamar mai sayar da katin waya, ta tafi da kazarsa.

Na buɗe tawa a gabansa, na ci da ƙara, ina yabon mai dahuwa. Da na ga idonsa yana bin cokali, na tura masa rabi.

“In ci sauran Babarbare? A bainar jama'a? Ka je kara ka ba da labari har ka mutu?”

Gaskiyarsa, da na bayar.

Bayan la'asar muryar hancin nan ta dawo, wannan karon “sori” har ba iyaka. An soke tafiya sai gobe da safe. Wuri ya kaure da hayaniya, Hajiya tana gaba tana buga teburin ma'aikata da tafin hannu. Yarinyar ta sake zagayowa tana tambayar masu son masauki. Kafin in buɗe baki, abokina ya ce, “Kada ku wahalar da kanku, muna da wurin kwana.” Ta wuce.

Na ce, “Ina wurin kwanan? Roni za mu koma?”

“Mutumin da liman ya sallama? Da wace fuska?”

A nan na lura da hannunsa. Carbi yana rawa a ciki, goshinsa ya jiƙe da gumi alhali wurin sanyi kamar cikin tulu. Tun kokon asuba bai sa komai a ciki ba, ya kuma sha maganinsa. Na taɓa ganin ciwon nan ya kayar da shi a tsakiyar shanu, sai da aka ɗura masa ruwan sukari. Wasa ya fita daga kaina. In ya faɗi a nan, me zan gaya wa ɗansa? Kuma wa zan riƙa zagi ranar kasuwa?

Na bi yarinyar na tsayar da ita.

“'Yata, ba ki da kaka a ƙauye?”

“Ina da ita, Baba, a 'Yankwashi.”

“In kin kai mata tsaraba, karɓa take yi nan take?”

Ta dafe baki. “Wayyo! Amma Baba, haƙƙinsa ne fa, ba sai an roƙe shi ba.”

“Haƙƙin ya riga ya yafe shi tun hantsi. Ki je masa a matsayin mai laifi. Kuma ki fara da lemo mai zaƙi, ki ajiye, kada ki kalle shi.”

Yarinya ashe 'yar gida ce, aiki ne ya ɓata ta. Ta zo ta durƙusa har ƙasa da kayan aikinta, ta ajiye kwalbar lemo a gefen ƙafarsa kamar ta manta da ita.

“Baffa, mun yi maka laifi, mun ji kunya. Ka taimake mu ka kwana a masaukinmu.”

“A'a, 'yata, ba komai.”

“In ka ƙi, ba ka yafe ba ke nan.”

“Na yafe, wallahi.”

“Baffa, na haɗa ka da girman Allah. In shugabana ya zo ya ga dattijo kamarka a kan benci, ni zai yi wa faɗa.”

Na juya baya ina nazarin wani allo da ban iya karantawa ba. Hajiya ma ta gane, ta shiga neman abin da bai ɓata ba a jakarta. Na ji ƙarar murfin kwalba, na ji maƙogwaro yana aiki. Da na waiwayo, kwalba ta koma inda take, babu komai a ciki.

Abokina ya ce, “Ka ji, bawana? Yarinyar mutane za ta shiga uku saboda ni. Ɗauko jakata.”

Kafin magariba muna otal, ɗaki mai gado biyu. Aka kawo tiren abinci, ya ce in fita in duba masa alƙibla. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin cokali yana faɗa da faranti, har faɗan ya mutu. Da na shigo, rawar hannu ta tsaya, yana sakace haƙori.

Na ce, “Yaya haƙƙin naka?”

“Ba gishiri,” in ji shi. Ya dubi tiren. “Amma je ka gaya musu, in sun matsa ƙwarai, zan iya karɓar na biyu.”