Motar da Ke Son Shiƙa

A bakin wani gareji a Makarfi Zakiyyu yake tsaye, gumi ya jiƙa masa riga, mahaifiyarsa marar lafiya tana ta fifita a kujerar bayan mota. Sau uku ana ɗura wa esin sanyaya motar nan gas, amma iskar zafi yake hurawa, ga makaniki yana shirin na huɗu.

Sai wata dattijuwa mai tallan gyaɗa ta sauke faifanta. Gajeriya ce, hijabinta ya koɗe, tafin hannunta ya yi kanta. Ta durƙusa gaban motar, ta shinshina, ta zura yatsu biyu cikin ragar da ke gaban lagireto. Sai ga ƙaiƙayi, curi guda!

"Ɗana, hanyar Gubuchi kake bi ko? Inda muke baza waken suya a titi motoci su tattake mana?"

Zakiyyu ya saki baki. Matar makaniki ce a da? Ko shekaru arba'in na tsayuwa tsakanin iska da ƙaiƙayi ne suka koya mata?

Ta karkaɗe hannu, ta ɗora faifanta a ka. "Ba gas take so ba, ɗana. Ƙaiƙayi ne ya toshe mata iska. Shiƙa take so."