Wanda Yake Ɗora Wa Babana Kaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sule, wanda mutanen Abakpa suka fi sani da Baba Bama. Allah Ya jiƙansa. Na daɗe ina so in yi magana a kansa, hidimar yara ta hana, daga baya kuma gajiya.

Kowa ya san ya je yaƙin Bama. Abin da ba a sani ba, bai taɓa riƙe bindiga ba. Akwai sojojinmu da aka ɗauka don dako kawai, daga adda sai gammo, suna ɗaukar harsashi da abinci a ka, cikin dajin da mota ba ta shiga. Na bi littafin tarihin ɗana Nasiru a hankali, yadda nake karatuna, ban ga inda aka ambace su ba.

Baba ya ce kayan nan mutum ɗaya ba ya iya ɗora wa kansa. Kowane ɗan dako yana da abokinsa, shi zai ɗora masa, shi zai sauke masa, shi ma ya yi masa haka. Wanda ya yi gigin saukewa shi kaɗai, wuyansa ne zai gaya masa. Abokin Baba shi ne Baba Ayuba, Kirista ne daga kudancin Kaduna. Da suka dawo suka zauna layi ɗaya, suka tsufa a kan benci ɗaya suna yi wa juna tsiya.

"Sule, ragon dako, ba don ni ba da kana can har yanzu."

"Ji mai magana! Wa ya zubar da madarar Bature a rafi?"

Ranar da Baba ya rasu, ta ƙofar zaure na leƙa. An yi masa salla, za a ɗauki makara, sai Baba Ayuba ya matso. Wasu samari suka tare shi. Bai ɗaga murya ba, ya dubi liman ya ce, "Malam, in ba ku so, ba zan bi ku ba. Amma ni nake ɗora masa kaya." Liman ya ce a ba shi wuri. Ya kama ta wajen kai, ya ɗaga har makara ta zauna a kafaɗun mutane.

Bayan rikicin da aka yi a garin nan, 'ya'yan Baba Ayuba suka kwashe shi suka koma ƙetaren kogi. Ba su kaɗai ba. Ina yawan tunanin abin da Baba zai ce da ya ga yau sai an ji sunan mutum kafin a ba shi hayar ɗaki. Ina jin ɗaki kawai zai shige.

Watan jiya na je gaishe da Baba Ayuba. Yana kwance, ido ya tafi. Da ya ji muryata ya lalubo hannuna ya ce, "Hajara, nawa ya riga ni. To ni wa zai ɗora mini?" 'Yarsa ta ce in yi haƙuri, tsufa ne. Ni na san da hankalinsa ya faɗa.

Da na dawo na gaya wa Nasiru, don shi ne babban jikan Baba. Ya ce, "Umma, in aka gan ni riƙe da akwatin gawa a coci, me za a ce a unguwa? In kuma wani abu ya tashi ina can fa?" Ban ga laifinsa ba. Tsoron da yake ji ni ma ina ji, kuma ni na haife shi. Ban sake tayar da maganar ba.

Baba bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko a littafi babu shi. Abin da ya bari wannan ɗagawar ce guda ɗaya da ta rage ba a yi ba, ni kuma mace ce, ba za a ba ni wuri ba.

Jiya da safe Nasiru zai fita aiki, ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Umma, in an ƙetare gada, wace mota ake shiga zuwa gidan Baba Ayuba?"